Babi na Shida: Kullewa Daban, Ɗaurewa Daban

Keken farko da aka sace mini baƙi ne, ƙirar Phoenix, mai kariya a baya da ƙararrawar da sai an mare ta take ƙara. Ranar Juma'a ce. Na iso masallaci a makare, liman na gab da saukowa daga mumbari, don haka na jingine shi a jikin katanga cikin jerin kekunan jama'a, na murɗa ɗan makullin nan da yake manne a tayar baya, na zare mabuɗin na jefa a aljihu, na shimfiɗa darduma a bakin titi. Da aka sallame na dawo, kekunan mutane suna nan yadda aka bar su. Nawa ne kawai ya yi ɓatan dabo.

Duk wanda abin ya taɓa faɗa wa ya san abin da ke biyo baya. Da farko zuciya ba ta yarda. Sai mutum ya yi ta kai da kawowa a jikin katanga, yana cewa ƙila mantuwa ya yi, ƙila can gaba ya ajiye, ƙila wani ne ya matsar da shi don ya fitar da nasa. Haka na yi ta zirga-zirga har wajen ya watse, ya rage daga ni sai wani dattijo mai sayar da asuwaki da turare. Ya daɗe yana kallona kafin ya yi magana.

"Yaro, keke ne?"

"Keke ne, Baba."

"Ka ɗaure shi?"

"Na kulle shi, ga ma mabuɗin."

"Ai ba kullewa na tambaye ka ba. Cewa na yi, ka ɗaure shi da wani abu?"

A lokacin haushi maganar ta ba ni. Sai da na huce na ga cewa dattijon ya faɗa mini a kyauta abin da na biya keke guda kafin na koya. Makullin nan mai kama da kofaton doki, wanda ake sayar da yawancin kekunanmu da shi, aikinsa ɗaya ne: ya hana tayar baya juyawa. Bai hana a ɗaga keken ba. Keken irin na iyayenmu, duk da nauyinsa, bai kai rabin buhun siminti ba. Ɓarawo zai kama sirdi da hannu ɗaya, ya ɗan ɗage tayar baya daga ƙasa, ya tura shi a kan ta gaba. Wanda ya hango shi zai ɗauka wani bawan Allah ne tayarsa ta sace yana neman mai faci, har ma ya yi masa sannu. Da ya sha kwana, ko ya cusa shi a adaidaita sahu, ko ya shiga wani kango ya fasa makullin da dutse a tsanake.

Kuma ku dubi lokacin da ya zaɓa. Sallar Juma'a raka'a biyu ce, da wuya ta wuce minti biyar. A cikin waɗannan mintuna ɗaruruwan maza ne a tsaye, duk sun fuskanci gabas, babu wanda zai waiga. Ɓarawon keke ya san lokutan salla kamar ladan, sai dai shi kabbarar harama yake jira ya fara aiki. Haka yake son gidan kallon ƙwallo, inda ya tabbata babu mai leƙowa waje sai an tafi hutun rabin lokaci. Haka layin banki, da ƙofar asibiti a lokacin dubiya, da makaranta ranar jarrabawa, da masallacin unguwa a daren tarawihi. Duk wurare ne da mai keke ya riga ya sanar da duniya tsawon lokacin da zai yi bai fito ba.

Da a shekarun baya na rubuta wannan babi, da wasu sun ce ɓata takarda ne, wa ke ta keke ana zancen babur da mota. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafi ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kekunan da suka shekara goma a ɗakin shirgi aka fito da su aka kaɗe musu ƙura. Malamin makaranta ya jingine babur, ɗan kasuwa ya jingine mota. Abin da jama'a suka koma nema kuwa, ɓarawo ma shi yake komawa nema. Ga mai kai burodi shaguna, ko mai tallan madara, ko ɗalibin da ke tahowa daga bayan gari, keke jari ne, ranar da ya ɓata ranar abinci ya yanke. Akwai wani tsohon fim na Italiya da Vittorio De Sica ya yi a 1948, wanda ake lissafawa cikin manyan finafinan duniya, kuma labarinsa kaf a kan haka yake: magidanci ya samu aikin liƙa takardun talla, sharaɗin aikin sai da keke, aka sace keken a ranar farko. Ya wuni yana yawon nema da ɗansa a birnin Rum, daga ƙarshe shi ma ya miƙa hannu kan keken wani. Na kalle shi ban ga Italiya ba, unguwarmu na gani.

To, da me za a ɗaure?

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri: babu makullin da ba ya karyewa. Kamfanin Kryptonite na Amurka, wanda ya shahara da makullin ƙarfe mai lanƙwasa kamar harafin U, yana alfahari da wani gwaji da aka yi a 1972. An ɗaure keke a jikin ƙarfen bakin titi a birnin New York, aka bar shi kwana 30. Da aka dawo, an kwance duk abin da yake kwantuwa a jikinsa, amma gangar keken da makullin suna nan. Wannan kamfanin ne kuma a 2004 ya sha kunya, da aka gano cewa wasu makullansa masu zagayayyen mabuɗi ana buɗe su da ƙoƙon biron Bic cikin 'yan daƙiƙoƙi, har dole ya karɓi tsofaffin ya ba mutane sababbi. Yau kuma ga injin yankan ƙarfe mai batir, wanda ake sakawa a jakar goyo, kuma da wuya a samu ƙarfen da zai tsaya masa in an ba shi lokaci.

In an ba shi lokaci. Abin da mai keke yake saya ke nan idan ya sayi makulli: mintuna, da kuma ƙara. Ɓarawo ɗan lissafi ne, yana auna tsawon lokacin da zai yi a durƙushe gaban keke da yawan idon da zai iya faɗowa kansa. Idan naka zai ci masa minti uku da tartsatsin wuta da ƙarar inji, na kusa da shi kuma daƙiƙa goma, ba sai an gaya maka wanda zai ɗauka ba. Ba daɗin faɗa, amma yawancin tsaron keke a bainar jama'a a kan haka ya tsaya: naka ya fi na maƙwabcinsa wahalar ɗauka.

Makullin waya mai rigar roba, wanda yara suke so saboda launinsa, shi ne na ƙarshe a daraja. Kaurinsa na roba ne, a ciki siraran wayoyi ne da filaya mai kyau take datsewa. Sarƙa ta fi shi, amma sarƙa suna ta tara. Irin wadda ake ɗaure akuya ko ƙofar shago da ita ƙarfenta mai taushi ne, zarto yana cin ta kamar rake. A nemi mai kauri da aka gasa ƙarfenta, irin wadda masu babura suke amfani da ita, kuma hanya mai sauƙi ta gane ta ita ce a goga mata zarto a gaban mai sayarwa: in haƙoran suka kama suka fara shiga, a mayar masa da abarsa. Sai kwaɗo. Na sha ganin sarƙa mai nauyin gaske an rataya mata ɗan kwaɗon akwatin makaranta, wanda guduma ɗaya ta ishe shi. A duba kaurin marataya, ba girman cikin kwaɗon ba. A ƙasashen da keke ya zama abin hawan kowa akwai shawarar da ake yawan bayarwa, cewa mutum ya kashe wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kekensa a kan makulli. Mu kuwa sai mu sayi keken dubban nairori, mu tsaya muna cinikin kwaɗon da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Mutanen Holan, waɗanda kekunan ƙasarsu suka fi jama'arta yawa, ba su raina makullin tayar baya ba, kusan kowane keke nasu yana da shi. Sai dai suna haɗa shi da sarƙa. Hikimar ita ce makulli iri biyu yana buƙatar kayan aiki iri biyu, kuma ɓarawon da ya fito da almakashin ƙarfe a cikin riga ba lalle ne ya taho da guduma ba. Idan ana gudun sarƙa ta kankare fenti, a zura ta cikin tsohon tib, kowane mai faci yana da su jibge.

Yadda ake ɗaurewar ma ilimi ne, kuma a nan ne masu sarƙa mai tsada suke faɗuwa. Wanda ya zura sarƙa ta tayar gaba kaɗai, zai dawo ya tarar da tayar gaba kaɗai. Noti biyu ne suke riƙe da ita, sifana ɗaya ta isa. Kekunan hannu da ake shigowa da su daga waje ma sun fi sauƙi, domin da yawansu ba noti ne a tayoyinsu da sirdinsu ba, wani ɗan maƙali ne da ake ɗagawa da yatsa. An yi shi don sauƙin mai keke, ya zama sauƙin ɓarawo. Mai irin wannan keke ya kai wa mai gyara ya musanya masa da noti. Sarƙa kuwa ta bi ta cikin gangar keken, ta haɗa da tayar baya wadda ta fi tsada, sannan ta zagaye abin da aka ɗaure a jikinsa. Kada a bar mata sako-sako da yawa da za a samu wurin zura ƙarfe a murɗe. Kada kuma a bar kwaɗon yana kwance a ƙasa, domin daɓen siminti ya zama uwar maƙera ke nan, guduma kawai ake jira.

Shi kansa abin da za a ɗaure a jiki sai an girgiza shi an gani. Guntun turke da bai wuce ƙugu ba, ɗaga keken za a yi da sarƙarsa a zare ta sama. Ƙafar rumfa da gara ta cinye, ƙafa ɗaya za a sa mata. Allon talla da aka kafa a yashi, tumɓuke shi za a yi. Na taɓa ganin keke an ɗaure shi da sarƙar da ta isa ta riƙe sa, a jikin ɗan dashen darbejiya da bai fi kaurin rake ba.

Duk wannan zancen ƙarfe ne. Abin da na fi yarda da shi, bayan shekaru ina ajiye keke a kasuwa da tasha da ƙofar ofis, shi ne ido.

Mutane da yawa suna ganin dabara ce su ɓoye keke a lungu, bayan gini, inda ba kowa. Wannan kyauta ce ga ɓarawo, an ba shi abin da ya fi so, wato wurin aiki babu mai damunsa. Amma cunkoso ma ba tsaro ba ne. A bakin kasuwa irin Kantin Kwari ko Sabon Gari dubban mutane suna wucewa, kowa da abin da ya dame shi, babu wanda ya san keken wane ne wannan. In sun ga mutum durƙushe yana fama da kwaɗo, cewa za su yi mabuɗinsa ne ya ɓata. Idon mai wucewa ba ya tsare komai. Idon mazauni ake nema: mai shayi, mai faci, mai gyaran takalmi, mai sayar da katin waya, wanda yake wurin tun safe, ya ga lokacin da ka sauka, ya san fuskarka. Ka yi masa sallama, ka ce, "Malam, ga amanar keke, zan shiga ciki in fito." Kalmar amana tana da nauyi a wurinmu, wanda ya amsa ta da wuya ya bari a taɓa. In ka fito ka yi godiya, wani lokaci ka sayi shayinsa ko da ba ka jin sha. A ganina babu kuɗin tsaron da ya fi wannan araha.

Har masu bincike sun gwada ƙarfin ido. A Jami'ar Newcastle da ke Ingila, wasu malamai sun liƙa alluna masu hoton idanun mutum da gargaɗi ga ɓarayi a wurare uku da ake yawan satar kekuna, suka bar su shekara guda. A sakamakon da suka fitar a 2012, sata ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a wuraren nan uku. Hoto ne kawai, ba mai gadi ba. Sai dai akwai ragowar labarin da masu yaɗa shi ba su cika faɗa ba: a sauran wuraren ajiye kekuna na jami'ar, inda ba a liƙa komai ba, satar ta ƙaru da kashi 65. Ɓarayin ba tuba suka yi ba, matsawa suka yi gaba kaɗan.

Shi ya sa inda duk aka samu masu ajiyar kekuna da babura, waɗanda suke ba da ɗan kati mai lamba su karɓi 'yan canji, ban ga dalilin ƙyashin biya ba. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht a Holan an kammala ginin ajiye kekuna a 2019 mai cin keke 12,500, hawa uku. Namu igiya ce da benci da kwalin da aka yayyanka aka rubuta wa lamba, amma tunanin ɗaya ne: keke ba ya fita sai da shaida. Abin da ya rage mana shi ne abin ɗaurewa. A Ingila akwai wani ƙarfe da ake kira da sunan garin Sheffield, bututu ne kawai aka lanƙwasa kamar ƙofa, aka binne ƙafafunsa biyu a siminti, yana ɗaukar keke biyu, kowanne a jingine da gangarsa. Babu mai waldar da zai kasa yin sa a wuni ɗaya. Ina mamakin kwamitocin masallatanmu, ana tara kuɗin fanka da lasifika da tayil, amma ban cika ganin an kafa bututu goma a jikin katanga don masu zuwa a keke ba, alhali su ne suka fi cika sahun asuba.

Akwai kuma tsaron da ake yi tun kafin a fita daga gida. Kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda fedoji suke haɗuwa, wani lokaci kusa da gindin sirdi. Tambayi masu keke goma, da wuya ka samu ɗaya da ya taɓa kifa nasa ya duba. A Japan tun 1994 doka ta wajabta yi wa keke rajista, ana liƙa masa shaida, kuma ɗan sanda yana iya tsayar da mutum ya duba ko sunan ya dace. Mu ma dattawanmu suna tuna lasin keke na zamanin En'e, kuma har gobe tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ba da lasin kekuna cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ba ina kiran a dawo da wani haraji ba ne, Allah ya kiyaye, wanda ake karɓa ma ya isa. Mutum ya yi wa kansa rajista: ya rubuta lambar, ya ɗauki hoton keken da waya, ya adana rasit. Sannan ya rubuta sunansa a 'yar takarda, ya naɗe ta a leda, ya zare sirdi ya jefa ta cikin bututun. Ranar da aka zo gardama a gaban hukuma, kowa yana rantsuwa nasa ne, mai cewa "a zare sirdin a gani" shi zai tafi da keke.

Sabon keke mai walƙiya kuwa, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Na san masu barin ledar kamfani a jikin keke wata shida don a san sabo ne. An kuwa sani. Ɗan fenti a madogarar taya, ko wata alama da ba ta gogewa, tana rage masa farashi a hannun ɓarawo, tana kuma sa a gane shi daga nesa.

In ƙaddara ta faɗa duk da haka, kwanakin farko su ne masu amfani, kafin a sake masa fenti ko a wargaza shi a sayar da kayan ɗai-ɗai. A kai rahoto wurin 'yan sanda da lambar, a sanar da mai unguwa, a ba da cigiya a zaurukan WhatsApp na unguwa da hoton. A zaga wurin masu gyaran keke, domin su ne asibitin da kowane keke yake zuwa, kuma suna gane keken da suka taɓa gyarawa kamar yadda makiyayi yake gane saniyarsa. A leƙa inda ake sayar da na hannu, a yi magana da shugabannin 'yan kasuwar.

Idan kuma aka hango shi a ƙarƙashin wani, a riƙe harshe. Zafin satar keke ba ƙarami ba ne. Muhammad Ali yana ɗan shekara 12, a 1954, aka sace masa sabon keke a garinsu Louisville, ya je wurin wani ɗan sanda mai suna Joe Martin yana kuka yana cewa sai ya lakaɗa wa ɓarawon duka. Ɗan sandan, wanda yake koyar da dambe, ya ba shi shawarar ya fara koyon faɗan tukuna. Shi fushinsa ya kai shi zakaran duniya. A titunanmu kuwa, kalmar "ɓarawo" in ta fita daga baki ba ta komawa, kuma mun san abin da taron jama'a yake yi kafin a tambayi ba'asi. Sau da yawa wanda yake kan keken ba shi ya sata ba, saya ya yi. A bi shi a hankali, a nemi hukuma.

Wannan mai sayen shi ne ƙarshen zancen, kuma shi ne ba mu son a taɓo. Ɓarawo ba hawa yake so ba, kuɗi yake so, kuma ba zai saci abin da ba shi da mai karɓa ba. Hausawa sun raɗa wa mai karɓar suna tun tuni, ɓarawon zaune, doka ma tana hukunta wanda ya karɓi kayan da ya san na sata ne. Amma in an ce ɓarawon zaune sai mu hango wani dillali a lungu, ba ma hango kanmu ranar da aka kawo mana keke mai kyau a rabin kuɗinsa, mai sayarwa yana sauri, ya ce matarsa ce ba lafiya, rasit kuma ya ɓata wajen ƙaura.

Mako uku bayan waccan Juma'ar, ina tafiya a ƙasa ƙafata ta gaji, wani ya kawo mini keke ruwan toka, fentinsa sabo har yana ɗan kama hannu. Kuɗin da ya faɗa ya yi mini daɗi, ban tambayi komai ba, na biya. Na sayo masa sarƙa mai kauri da kwaɗo babba, ban sake jingine shi ko'ina ba sai na ɗaure. Ya yi mini shekara huɗu. Wata rana kaca ta tsinke, mai gyara ya kifa shi a kan sirdi, sai idona ya faɗa kan wurin da lamba take zama. An goge ta da zarto, ƙarfen ya yi sumul, an shafa fenti a kai. Mai gyaran ya ga inda nake kallo, ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kansa kan kacar.